Minti Arba'in da Uku na Ruwa

Jama'a, sallama gare ku. Yau na zo ne in tona wa kaina asiri, saboda haka mai niyyar zagina ya ɗan haƙura in kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce babbar 'ya a gidanmu. Injiniya ake ce mini a gida, rabi girmamawa rabi tsokana. Ina aiki a wani kamfanin sadarwa, a ɗakin da ake sa ido kan layukan da ke haɗa ƙarafan sabis. Wanda nake so kuwa likitan dabbobi ne, an tura shi aiki wani ƙaramin gari bayan duwatsu, tafiyar awa uku daga nan. Ni Likita nake ce masa. Umma in ranta ya ɓaci "mai awakin nan naki" take cewa. Shekara ɗaya da wata biyu muna tare amma bai taɓa magana da Baba ba, kuma abin ya tsaya wa Umma a rai, kullum sai ta yi mini mitar ƙawayena da suka yi aure.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran agogo kafin hannunsa ya fara rawa ya rufe shago. Mutum ne da in ya ce ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗu yake nufi. Ranar Laraba ya kira ni ya ce, "Ki ce wa yaron nan ya kira ni ranar Asabar ƙarfe huɗu, mu tsayar da ranar da zai zo mu ga juna."

Na faɗa wa Likita, har na ƙara da tsoratarwa. Na ce masa mahaifina ya taɓa fasa tafiya da amininsa saboda makarar minti goma. Ya yi dariya a lokacin, ya ce tun uku da rabi zai riƙe wayar.

Ranar Asabar tun huɗu saura kwata Baba ya fito baranda cikin farin yadinsa da ya sha guga, ya kafa hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, alhali waya zai amsa. Ya zauna a kujerarsa ta katako, ya ɗora wayar a gwiwa, ya sa Umma ta kashe rediyo. Ni ina ɗaki ina leƙensa ta bayan labule. Huɗu ta yi, shiru. Huɗu da biyar, shiru. Na lallaɓa na kira Likita sau uku, kowane sai a ce ba a samun lambar. Ina shirin na huɗu Umma ta shigo ta fizge wayar.

"Ke ce za ki bi shi? Ubanki na zaune yana jiransa, ke kuma kina nan kina roƙonsa?" Ta jefa wayar cikin durowarta ta murza makulli. "Sai da safe."

Baba bai tashi daga kujerar nan ba sai da aka kira magariba. Ya cire hular ya riƙe a hannu ya shiga ciki, kuma wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da safe da Umma ta miƙo mini wayar na tarar da saƙon Likita, ƙarfe tara da minti shida na safiyar ya shigo:

"Ki gafarce ni. Ruwa ne ya ɗauke mana sabis jiya daidai lokacin. Ki ba Baba haƙuri don Allah."

Na ji wani sanyi a raina, don wannan uzuri ne da na san kansa. Na fito da saurina na karanta musu. Sai dai ban yi sa'a ba, Gwaggo ta iso tun da sassafe. Ƙanwar Baba ce, a garin su Likita take aure, tana da shagon atamfa, duk ƙarshen wata take zuwa sarin kaya. Tana zaune a tabarma da kofin shayi, ta cire mayafinta ta naɗe a cinya. Tana jin saƙon ta ajiye kofin.

"Ruwa? A wane garin? Ni jiya wanki na yi, tun azahar kayana ke kan igiya har la'asar sakaliya. Ko ɗigo ba a yi ba. Rana ce fa ƙwal!"

Umma ta tafa hannu. "Kin ji ko? Kashe wayarsa ya yi. Ni dama tun farko hankalina bai kwanta da shi ba."

Nan fa Injiniya ta motsa. Na ɗauko kofi biyu, na ajiye ɗaya a wannan bakin tabarma, ɗaya a wancan. Na ce su dubi fararen gangunan nan da ake maƙalawa a jikin ƙarfen sabis, ba ado ba ne. Kowace ganga tana kallon 'yar'uwarta a wani ƙarfen can nesa, suna aika wa juna sigina a miƙe ta cikin iska. Garin su Gwaggo layi ɗaya tak ke kai musu sabis, daga kan dutse zuwa bakin kasuwarsu, kilomita goma sha tara. Irin siginar da muke amfani da ita tana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ta da juriyar ruwa, ɗigon ruwan sama yana shanye wani ɓangarenta ya warwatsa wani. In ruwan ya yi ƙarfi, ba ta kaiwa ɗaya gefen da sauran kuzari. Na sa tafin hannuna a tsakanin kofunan na ce, "Ba dole sai ya sauka a gari ba, Gwaggo. Ko a tsakiyar hanya ya sauka, cikin kwari, ya isa ya yanke layin, ku kuna can kuna shanya."

Gwaggo ta kalle ni, ta kalli kofunan. "Wato ruwan ya bar gari, ya bar gonaki, ya tafi daji ya sauka don kawai ya hana shi kiran Yaya? Lallai ruwan nan ya san abin da yake yi."

Har Umma sai da ta dara. Baba ne kawai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannuna a tsakanin kofunan, sannan ya ce, "Ni rashin kiran bai dame ni kamar ƙarya ba. Mutum na iya makara, amma ba zan ba maƙaryaci 'yata ba. Kin ce aikinki ne. Injinku yana ajiye labarin ranar?"

"Yana ajiyewa, Baba."

"To gobe ki kawo mini. In gaskiya ya faɗa, zan sake zama in jira shi. In ƙarya ce, a rufe maganar nan, kada in ƙara jin ta a gidana."

Ranar Litinin na sa doguwar rigata ruwan toka da ƙaramin hijabi, na ɗauki rigar sanyi, don ɗakin aikinmu ko a tsakiyar bazara sanyi ne da shi kamar cikin firji. Babu taga ko ɗaya. Manyan alluna shida ne a bango, kowane cike da layuka kore, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da ta butar shayin Oga. Oga shi ne babba a ɗakin, ya kusa ritaya, gashinsa ya yi fari fat. Shi ya koya mini gane ruwa ba tare da na ga sama ba. In hadari ya taso, sai ka ga layuka suna rusunawa ɗaya bayan ɗaya a kan taswira, daga gabas zuwa yamma, har Oga ya kalli agogo ya kira matarsa ya ce ta kwashe shanya nan da minti ashirin. Ba ya kuskure.

Kafin wani ya zarge ni, ni ba kiran mutane nake gani ba, ba ni da wannan hurumin. Ƙarfin siginar layin kawai nake gani, kuma shi ne aikina na kullum. Duk da haka sai da na kai ƙarfe goma sha ɗaya ban buɗe ba. Na duba layukan da ba su da matsala, na amsa saƙonnin da ba na gaggawa ba, na haɗa shayi sau biyu ban sha ba. Tsoro nake ji. In na buɗe na ga layin a miƙe, to shi ke nan, da hannuna na rufe maganar.

Na yi bismillah na danna ranar Asabar.

Layin ya taho a miƙe tun safe. Daga uku da rabi ya fara gangarowa a hankali. A nan injin yakan rage wa kansa kaya, ya sadaukar da saurin intanet don ya ceci kiran murya, kuma na ga ya yi hakan hawa biyu. Sannan, huɗu saura minti takwas, ya faɗa ƙasa gaba ɗaya. Ja wur.

Ban san lokacin da na ce "Alhamdulillah" da ƙarfi ba. Oga ya turo kujerarsa ya zo, yana gyara tabarau.

"Yau kuma faɗuwar layi ake wa godiya?" Ya duƙa ya duba. "Ah, ta ranar Asabar. Ruwan kwari ne wannan. Dubi, gangar kan dutse da ta kasuwa tare suka faɗi, kuma a hankali, ba lalacewar inji ba ce. Na tabbata mutanen garin ko laima ba su buɗe ba."

Ji na yi kamar in tashi in taka rawa. Har na fara tsara yadda zan kalli Gwaggo.

"Amma layin nan yana burge ni," in ji Oga, yana bin allon da bayan biro. "Huɗu da talatin da biyar ya miƙe abinsa. Minti arba'in da uku kacal. Daga nan har wayewar gari ko tari bai yi ba." Ya koma teburinsa yana kurɓar shayi, bai san abin da ya yi mini ba.

Mu a wannan aikin faɗuwa kawai aka koya mana kallo. Inda layi ya yi ja nan idonmu yake zuwa, a kansa ake tambayarmu, a kansa muke rubuta rahoto. Ba wanda ya taɓa zama yana kallon kore. Shi ya sa na ga ramin na yi murna, ban ko lura da dogon koren da ya biyo bayansa ba. Huɗu da talatin da biyar. A lokacin Baba yana nan a baranda da hularsa, wayar tana kan gwiwarsa, kuma ya ƙara kusan awa biyu a wurin.

Da lokacin cin abinci ya yi na fita bayan ofis, inda janareto yake, na zauna a kan dakali na rubuta masa:

"Na duba. An yi ruwa, gaskiya ka faɗa."

Nan take ya amsa: "Kin gani ko! Wallahi na ji daɗi."

"Sabis ya dawo 4:35."

Na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga kiransa, ina jin kukan tumaki a bayansa.

"Na ga dawowarsa," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wayar tana hannuna. Na fito da lambar Baba ma. Sai na tuna abin da kika ce, mutumin da ya bar amininsa saboda minti goma, ni kuma ga talatin da biyar. Na ce bari in tsara abin da zan faɗa. Ina tsarawa biyar ta yi. Na ce yanzu kam ya tashi, in na kira raini ne. Daga nan kunya ta rufe ni, ko ke na kasa kira."

"Bai tashi ba. Har magariba yana zaune."

Na san shi, mutum ne da zai sa hannu a bakin bijimi mai faɗa ba tare da gabansa ya faɗi ba, amma in za a gabatar da shi a taro sai gumi ya jiƙa masa riga. Ban ji na tsane shi ba. Tausayi ma ya ba ni, kuma na ga laifina a ciki, ni na cika masa ciki da tsoro.

"To ka kira shi yau ka faɗa masa haka," na ce.

"In ce masa tsoro na ji? Wa zai ba matsoraci 'yarsa?" Ya ja numfashi. "Ki nuna masa inda layin ya faɗi kawai. Ai ba ƙarya ba ce, an yi ruwan. Ki ba ni dama ɗaya, ranar Asabar ko kan dutse ne zan hau in kira shi."

Ban ce masa eh ba, ban ce a'a ba. Na ce lokacin aiki ya yi.

Ga inda nake so ku ji da kyau. Manhajar da muke aiki da ita tana barin mutum ya zaɓi daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa yake son gani. Na zaɓi daga azahar zuwa magariba, na buga a takarda: ga ramin, ga dogon kore a bayansa. Sannan na sake zaɓa, daga uku zuwa huɗu da rabi, na buga ta biyu. A wannan, layin yana gangarowa, ya faɗi, takarda ta ƙare yana ƙasa. Ba abin da na goge, ba abin da na ƙara. Na ninke su daban-daban na sa a jaka, na ce wa kaina a hanya zan yanke shawara. Kafin in fita na waiwaya na kalli allon kamar yadda na saba, layin garin su Likita kore shar, babu alamar hadari a ko'ina cikin taswirar.

A mota ban yanke komai ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa gajeriyar takardar ma gaskiya ce, wata zuciyar tana ce mini in haka ne me ya sa na buga biyu.

Na tarar da Baba a baranda, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan ƙaramin tebur yana goge wani tsohon agogon hannu. Umma da Gwaggo suna gefe suna ware atamfofin da Gwaggo ta saro, masu shuɗi daban, masu ja daban. Ina yin sallama duk suka ɗago.

"Injiniya an dawo," in ji Gwaggo. "Ina ruwan namu na daji?"

Na durƙusa gaban Baba na buɗe jaka. Hannuna ya taɓa takardun duka biyun. Gajeriyar na ciro.

Baba ya ɗauko gilashinsa na gyaran agogo, wanda ake maƙalawa a ido ɗaya, ya duƙa kan takardar. Na nuna masa da yatsa, nan ne ya fara rauni, nan ne ya yanke, huɗu saura takwas. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Ya bi layin a hankali har bakin takardar. Na jira ya tambaye ni abin da ya faru bayan nan. Na rantse da ya tambaya da na faɗa.

Bai tambaya ba. Ya cire gilashin ya ajiye a kan ƙyallen.

"Ni ban san karatun wannan zanen ba," ya ce. "Ke na sani. Tun kina ƙarama ba ki taɓa kawo mini magana biyu ba." Ya juya wajen su Umma. "Kun ji. Yaron nan gaskiya ya faɗa, mu muka zalunce shi. Kwana biyu ina riƙe da shi a raina a matsayin maƙaryaci."

Gwaggo ta kama haɓa. "Ikon Allah. To Allah ya yafe mana, ni dai wankina ya bushe."

"Sai ya sake kira ranar Asabar ɗin," in ji Umma, tana ninke atamfa ba ta kalli kowa ba.

"A'a," in ji Baba. "Wanda ya yi zato mara kyau shi ke da nauyin nema. Ba ni lambarsa."

"Baba, ai ba sai ka..."

"Ba ni lambarsa, uwata."

Rabon da ya kira ni da wannan sunan tun ina makarantar firamare. Na karanto masa lambar, yana dannawa da yatsansa mai rawa, ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa a fili don kada ya yi kuskure. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya sa wayar a kunne. Mutumin da ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba sai mahaifiyarsa.

Na ɗaga kai na kalli sama. Shekara huɗu ina wannan aiki, kullum addu'ata kada ruwa ya taɓa mini layi. Ranar nan, ina durƙushe a gaban mahaifina, na roƙi Allah ya saukar da shi a kwarin nan kamar da bakin ƙwarya, ko na minti biyar ne, in samu in buɗe bakina. Sama kuwa tas take, ko gajimare ɗaya babu, kuma ni da kaina na baro layin kore.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Ta yi na biyu. Hannuna yana cikin jaka, na damƙe doguwar takardar har ta yamutse.

A na uku aka ɗauka.

"Salamu alaikum, yaro," in ji Baba. "Mahaifin Injiniya ne. Na kira ne in nemi ka yafe mini."